Daga Kunne Zuwa Takarda: Tarihin Labarin da Aka Fara Ji Kafin a Karanta

Gabatarwa

A wani hutun ƙarshen zangon karatu na sauka a Ketu, cikin birnin Legas, wurin wani ɗan'uwana da ke sana'ar albasa a kasuwar Mil 12. Da dare bayan sallar lisha 'yan kasuwa kan zazzauna bisa buhuna suna jiran motocin kayan gwari da suka taso daga Arewa. Abin da ya ja hankalina shi ne, kusan kowa da abin da yake saurare. Dattawa na rungume da rediyo, samari kuwa sun kewaye wayar hannu guda, wani mutum yana karanto musu ƙagaggen labari daga intanet. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu ko ya taɓa riƙe littafin da ake karantowa, sai ya ce, "Malam, ashe littafi ne? Ai ni na ɗauka labari ne kawai."

Wannan amsa ita ce mafarin wannan maƙala. Mu da muke koyar da adabi mun saba raba shi gida biyu, adabin baka da rubutaccen adabi, kamar dai akwai katanga a tsakaninsu. Tarihi kuwa ya nuna cewa labari ya daɗe yana kai da komowa tsakanin kunne da takarda. Maƙalar za ta bi sawun wannan tafiya, ta fara da wani misali daga Amurka, sa'an nan ta dawo gida. Manufarta ita ce ta nuna abu guda: labarin da aka haifa domin kunne ba ya zama littafi sai an sake ƙera shi, wanda kuwa ba a sake ƙerawa ba yakan tafi tare da muryar da ta faɗe shi.

Garin da Babu Shi a Taswira

A ranar 15 ga watan Yuni na 2012 wani marubuci Ba'amurke mai suna Joseph Fink ya fitar da kashi na farko na wani shirin sauti na intanet, irin wanda ake kira fodkas, mai suna Welcome to Night Vale. Abokinsa Jeffrey Cranor ya shiga suna rubuta shirin tare, wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Cecil Baldwin kuma shi ne muryar shirin. Sau biyu a wata ake fitar da shi. Zubinsa mai sauƙi ne ƙwarai: mai gabatar da shirye-shirye a gidan rediyon wani ƙaramin gari da ke cikin hamadar kudu maso yammacin Amurka yana karanta labaran gari, da sanarwar hukuma, da tallace-tallace, kamar yadda ake yi a kowace ƙaramar tasha.

To amma garin ba irin wanda aka saba gani ba ne. Majalisar gari ta buɗe filin shaƙatawar karnuka, ta kuma haramta wa karnuka da mutane shigarsa. Akwai 'yan sandan ciki da ke sauraren hirar kowa, kuma kowa ya san da haka. Wata tsohuwa tana zaune da mala'iku a gidanta, alhali doka ta hana a yarda cewa akwai su. Wani gajimare mai walƙiya ya sauko garin, daga baya har ya sami kujera a hukumar makarantu. Idan lokacin hasashen yanayi ya yi, sai a saka waƙa. Duk waɗannan abubuwa mai gabatarwa yana faɗarsu da murya kwance, kamar yana sanar da ranar rigakafin shanu.

Nan ne gishirin shirin yake. Abin tsoro ne ake faɗa da harshen ofis, shi ya sa mai saurare yake dariya alhali gabansa na faɗuwa. Irin wannan ita nake kira raha mai ɗaci. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin hukumar da ke ba da umurnin da ba ya shiga hankali, ta kuma hana tambaya, zai gane garin nan ko da bai taɓa taka Amurka ba. A watan Yuli na 2013 shirin ya hau matsayi na ɗaya a jerin fodkas na iTunes a Amurka, ba tare da wani babban gidan rediyo ya tsaya masa ba.

Yadda Shirin Ya Zama Littafi

A watan Oktoba na 2015 kamfanin Harper Perennial ya buga ƙagaggen labari mai ɗauke da sunan shirin, wanda Fink da Cranor suka rubuta. Abin lura shi ne, marubutan ba su kwashe abin da aka faɗa a shirin suka zuba a takarda ba. Wannan aikin sun yi shi daban a 2016, inda suka buga rubutun shirye-shiryen farko cikin kundi biyu. Domin ƙagaggen labarin kuwa, sai da suka yi sauye-sauye uku.

Na farko, sun janye mai gabatarwa daga tsakiyar fage, suka kawo taurari biyu mata. Ɗaya ita ce Jackie Fierro, mai shagon jingina, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana 'yar shekara 19 ba ta ƙaru ba. Ɗayar kuwa Diane Crayton ce, uwa mai renon ɗanta Josh ita kaɗai, yaron da ke sauya kamanni duk lokacin da ya ga dama, wanda kuma ya fara tambayar inda ubansa yake. Na biyu, sun ɗaura labarin a kan sarƙaƙiya guda da ake son warwarewa. Wani mutum da ba wanda ke iya tuna fuskarsa ya miƙa wa Jackie wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan garin King City, takardar kuma ta ƙi barin hannunta ko ta jefar ko ta ƙone ta. Neman wannan gari da neman uban Josh su ne suka haɗa matan biyu. Na uku, sun bar wa rediyo 'yan gurabe tsakanin babi da babi, inda muryar mai gabatarwa ke kutsowa da labaran gari.

Dalilin waɗannan sauye-sauye a fili yake. Mai saurare yana iya shiga shiri a tsakiya, ya ji na minti ashirin da wani abu, ya tafi harkarsa, ya dawo bayan mako biyu. Murya ce ke riƙe da shi, ba ya neman a kai shi ƙarshe. Mai karatu kuwa shi kaɗai ne da takarda, ba murya, ba kiɗa. In ba a ba shi tambayar da zai bi ba, zai ajiye littafin a shafi na talatin. Saboda haka aka ba shi igiya, wato neman King City, aka rataya abubuwan al'ajabin garin a jikinta. Littafin ya shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times, kuma wasu biyu suka biyo bayansa a 2017 da 2020.

Tafarkin da Bahaushe Ya Riga Ya Bi

Wanda ya san tarihin rubutun zube na Hausa zai ga cewa wannan matsala ba baƙuwa ba ce a gare mu. Hasali ma da ita aka fara. Littafin Magana Hausa na J. F. Schön, wanda ya fito a 1885, ya ƙunshi labaran da Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya je Turai tare da Heinrich Barth, ya faɗa da bakinsa aka rubuta. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga kundi uku na tatsuniyoyi da labarai waɗanda malamai suka rubuto masa da ajami. A 1913 R. S. Rattray ya buga wani tarin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Duk waɗannan adanawa ce. An ɗebo abin da baki ke faɗa an ajiye a takarda yadda yake, kuma da ba a yi haka ba da mun yi asarar da ba ta misaltuwa. Amma tarin tatsuniyoyi daban, ƙagaggen labari daban.

Sauyin ya zo ne a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya biranen Arewa yana neman malamai su rubuta dogayen labarai na ƙirƙira. Gasar ta haifar da littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Waɗannan marubuta sun tashi cikin al'ummar da labari abin ji ne, a dandali ko a zaure ko a gaban goggo da dare, sai ga shi an ce su rubuta wanda mutum zai karanta shi kaɗai.

Mu dubi yadda Abubakar Imam ya ɓullo wa al'amarin. Abin da ke hannunsa gajerun labarai ne na wayo da ƙeta da ramuwar gayya, wasu daga bakin jama'a, wasu daga littattafan Larabci da ya karanta. Kowannensu yana iya tsayawa da ƙafarsa a wurin hira. Domin su zama littafi sai ya ba tauraronsa, Alhaji Imam, abin nema guda, wato ruwan Bagaja, wanda aka yi wa Liman dariya a fada saboda ya ce zai warkar da ɗan sarki. Ya kuma ba shi abokin hamayya, Malam Zurƙe, wanda suke ta haɗuwa gari bayan gari, kowa na yi wa ɗan'uwansa mugunta. Daɗin daɗawa bai kori murya daga littafin ba, domin Alhaji ne ke ba da labarin da bakinsa a gaban Koje Sarkin Labari da jama'arsa.

Ke nan dabarun nan da marubutan Amurka suka yi amfani da su a 2015, Imam ya riga ya yi amfani da irinsu shekara tamanin da 'yan kai kafin nan: abin nema da zai ja mai karatu, da taurarin da za a bi, da gurbin da aka bar wa mai ba da labari da baki. Ba ina nufin sun koya daga gare shi ba ne. Matsala iri ɗaya ce ta haifar da magani iri ɗaya. Har ila yau rahar da ke cikin Ruwan Bagaja mai ɗaci ce. Ana ɗaure mutum, ana yi masa dukan kawo wuƙa, ana mai da mai hankali mahaukaci a idon jama'a, mai karatu kuwa yana ta ƙyaƙyatawa. A Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin kundi uku daga 1937, Imam ya sake bin wannan hanya, inda ya sa aku yana ba da labarai domin ya tsare ɗan sarki daga fita zuwa ga halaka.

Gari mai abin al'ajabi ma ba baƙo ba ne a adabinmu. A 1952 an buga Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina, a 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya bi wani baƙo daga sararin samaniya. Tun kafin su kuwa tatsuniya ta saba da garin da dodo ke hana ɗiban ruwa, da garin da Gizo ke yaudarar sarki.

Zamanin Rediyo

Shigowar rediyo ta buɗe sabon babi. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a watan Maris na 1957, gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa kuma ya buɗe a Kaduna a 1962. Cikin ɗan lokaci akwatin rediyo ya zama abokin manomi da makiyayi da direba da matar aure a cikin kulle. Labari ya koma kunne, amma a wannan karon murya ɗaya ce ke isa ga dubban ɗaruruwan mutane a lokaci guda.

Daga wannan zamani muna da misalai na labarin da ya taso daga iska ya sauka a takarda. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi an fara jin su ne a rediyo a Kaduna kafin a buga su. Zamanin Nan Namu ya fito a 1959, Jatau Na Kyallu kuma ya biyo baya, wato labarin attajirin da ya auri karuwa ta kai shi ta baro. Haka nan Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan shiri ne na Rediyon Kaduna kafin Kamfanin Buga Littattafai na Arewa da ke Zariya ya buga shi a 1980. Yau ɗalibi yana iya shiga laburare ya ɗauko waɗannan ayyuka ya yi nazarinsu, domin kawai an buga su.

Sai dai mu lura da abubuwa biyu. Na farko, waɗannan an buga su ne a matsayin wasan kwaikwayo, wato an adana maganganun 'yan wasa. Sun fi kusa da kundayen nan biyu na 2016 da na ambata, ba su ɗauki hanyar da Imam ya bi ta sake ƙera abu ya zama ƙagaggen labari ba. Na biyu, waɗanda aka buga ɗin 'yan kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da waɗanda aka watsa. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 yana tune da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Turanci, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Karkuzu, da Kuliya Manta Sabo, da Duniya Budurwar Wawa. Akasarin irin waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma da kalma. Akan tsara ƙashin bayan labari ne, 'yan wasa su cike sauran da basirarsu a gaban na'ura. Faifan ɗauka kuwa yana da tsada a wancan lokaci, akan goge a sake ɗaukar wani abu a kansa, al'adar da ko BBC ba ta tsira daga gare ta ba. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi ya rasu a 2023. Allah ya jiƙansu. Abin da ke cikin kawunansu na yadda aka ƙirƙiro waɗannan taurari ya tafi tare da su, sai ɗan abin da aka tsinta.

A Samanja musamman akwai irin rahar da muke magana a kanta. A tsakiyar mulkin soja, ga soja a akwatin talabijin yana kwamacala da umurni da harshe, farar hula na dariya. Dariyar ta ba talaka damar kallon kakin da yake tsoro ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Barikin Samanja ƙaramin gari ne mai dokokinsa, kuma da an sami marubucin da ya ba shi igiya irin ta Imam, da ya zama ƙagaggen labarin da za a daɗe ana karantawa.

Masu Saurare na Kurmi

Yanzu sai mu koma inda muka faro. Zaman Hausawa a ƙasar Yarabawa ya girmi Nijeriya kanta, amma jirgin ƙasa ne ya bunƙasa shi. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma ya haɗa Legas da Kano. Agege tana kan wannan layi, kuma tana cikin yankin da ake noman goro, saboda haka fatake suka kafa zango a wurin, suna sauke shanu suna ɗaukar goro. Har yau akwai Sarkin Hausawan Agege. Masanin nan Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan yadda irin wannan zango ke riƙe harshensa da addininsa da amanar ciniki a tsakiyar baƙin wuri. Kasuwar Mil 12 da ke yankin Ketu, a ƙaramar hukumar Kosofe, ta zo daga baya, ta zama babbar matattarar tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da ke ciyar da Legas.

Ga mutumin da ke zaune a irin wannan wuri, rediyo ya wuce abin nishaɗi. A zamanin gajeren zango, muryar Kaduna ita ce gida. Shirin Zaɓi Sonka ya haɗa mai sayar da goro a Agege da iyalinsa a Katsina ko Maraɗi, kowa na jiran ya ji an ambaci sunansa. Wanda ya shekara bai ga garinsu ba yana ɗauke da wani gari a cikin kunnensa, wanda muryoyin masu gabatarwa da 'yan wasa suka gina masa. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba, na'ura ce ta sauya. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta gina shirinta na Daɗin Kowa a kan ƙagaggen gari, ta kuma gina Kwana Casa'in a kan wani mai suna Alfawa. Daga 2016 Sashen Hausa na BBC ya shiga shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai, ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. A intanet kuwa masu karanta littattafan Hausa da murya sun yawaita, irin wanda na tarar samarin nan na saurare. Wato a yanzu labari ya fi gangarowa daga takarda zuwa kunne. Hawa daga kunne zuwa takarda shi ne ya yi ƙaranci.

Alhali kuwa kayan aikin suna nan zube a Ketu. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a yankin Mil 12, aka yi asarar rayuka, gwamnatin jiha ta rufe kasuwar na wani lokaci, kayan gwari kuwa ba su san jira ba. A 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi daga watan Yuni, ta ƙara da Kosofe a watan Satumba, samari da yawa 'yan Arewa suka wayi gari sana'arsu ta zama laifi. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ɗan kasuwa ya kwana da kuɗi a aljihu bai san ko gobe kuɗi ne ko takarda ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. Wanda ya zauna da 'yan kasuwa ya ji yadda suke ba da labarin waɗannan kwanaki zai tarar da dariya suke yi, dariyar da ta fi kuka ciwo. Sun riga sun mallaki salon. Mai shela da lasifika a bakin masallacin kasuwa, yana sanar da ɓatan yaro da faɗuwar farashi da sabon umurnin hukuma da murya ɗaya, bai da nisa da mai gabatarwar nan na hamadar Amurka.

Abin da ya hana mu cin moriyar wannan, a ganina, shi ne yadda muka ɗaure wasan rediyo da ƙagaggen labari ga jigon faɗakarwa tsantsa. Tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, wanda ke koyar da tsafta, har zuwa wasannin da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, an saba labari ya ƙare da darasi a fili. Faɗakarwa abu ne mai kyau, kuma ba wanda ke neman a yar da ita. Amma akwai gaskiyar da wa'azi kai tsaye ba ya iya faɗa, musamman a kan tsoro da rashin tabbas da ikon da ba a yi masa tambaya. Gizo ya daɗe yana faɗar irinta, Malam Zurƙe ma haka.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi labari daga bakin Dorugu zuwa alƙalamin Abubakar Imam, daga Rediyon Kaduna zuwa wayar hannu a kasuwar Mil 12, ta kuma gwada shi da abin da ya faru da Welcome to Night Vale tsakanin 2012 da 2015. An ga cewa akwai matakai biyu na sauko da labari daga kunne. Akwai adanawa, irin ta Edgar da Rattray da masu buga wasannin Maƙarfi da Ladan. Akwai kuma sake ƙira, irin ta Imam, inda ake ba tarin labarai abin nema da taurari, a kuma bar wa murya gurbinta.

Duka biyun suna jiran ma'aikata, kuma a nan nake fuskantar ɗalibanmu. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin da suka rage a Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, ga ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da ya kamata a shiga a lissafa abin da ya tsira. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowace shekara ana rage mana waɗanda za a tambaya. Wanda kuma ke da sha'awar ƙirƙira, ya ɗauki littafin rubutu ya je ya kwana uku a zango, ko na Agege ko na Ketu ko na Sabon Ibadan, ya saurari yadda ake hira bayan lisha. Zai dawo da gari guda cike da mutane da abin al'ajabi. Aikin da zai rage masa shi ne ya samo abin da tauraronsa zai fita nema, wanda zai sa mai karatu ya juya shafi.